Hajiya ta ce girma ya faɗi don na juya kawanya a ƙugu

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Kaduna, shekarata 41, ƴaƴana biyar, autata tana da shekara huɗu. Kwanakin baya na je asibiti saboda yawan kasala da ciwon kai. Aka auna min suga da safe kafin in karya, ya nuna 6.4, jinina ma ya ɗan hau. Likita ya ce ban kamu da ciwon suga ba tukuna, amma ina bakin ƙofa, in rage ƙiba in riƙa motsa jiki. Maigida ba ya son in riƙa fita da sassafe zuwa Murtala Square, kuɗin rajistar gidan motsa jiki kuma ba mu da shi.

Ana haka sai ƙanwata ta sayo wa ƴata kawanyar robar nan da yara ke juyawa a ƙugu, wadda ake kira Hula Hoop. Wata rana bayan sun tafi makaranta na ɗauka na gwada a tsakar gida. Ba ta daɗewa take faɗuwa, amma wallahi na yi gumi, kuma na ji wani daɗi da na daɗe ban ji ba. Na ci gaba da yi kullum, na kuma ga manyan mata a TikTok suna cewa ita ta cire musu teɓa. To, gidanmu gidan yawa ne. Facalata ta gan ni, kafin azahar labari ya kai ɗakin Hajiya, mahaifiyar maigida. Ta kira ni ta ce girma ya faɗi, uwar ƴaƴa biyar tana karkaɗa ƙugu kamar ƴar gala, kuma abin zai sauko min da mahaifa. Tun ranar ban sake taɓa ta ba. Ga ƙuguna ya yi tabo baƙi-baƙi yana min tsami. Anti, in haƙura ne? Da gaske tana rage teɓa? Tana taɓa mahaifa? Kuma abin kunya ne ga mace kamata?

Uwar biyar, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ƴar uwa. Allah ya ƙara lafiya. A'a, kada ki haƙura. Sai dai ba yadda kika fara za ki ci gaba ba, don kawanyar da kika ɗauka ta yara ce, tsakar gida ba wurin yi ba ne, Hajiya kuma ta ji labarin daga bakin da bai kamata ba.

Lambar nan 6.4 ita ta fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki. A awon suga na safe kafin a sa komai a baki, daga 7.0 zuwa sama ne likitoci ke kiran abu ciwon suga, idan an maimaita awon ya tabbata. Ke kina ƙasa kaɗan, a inda har yanzu ake iya ja da baya. Ba lallashinki nake yi ba. A shekarar 2002 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka a kan mutum sama da 3,000 da sugansu ke bakin ƙofa irin naki. Waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki na minti 150 a mako, tare da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga mai suna metformin kuwa, nasu ya ragu da kashi 31 ne. Idan nauyinki kilo 85 ne, kilo 6 kawai ake magana. Duk wadda ta taɓa jinyar mai suga a gida ta san abin da ake gudu: gyambon ƙafa da ba ya warkewa, ido yana dushewa, ƙoda, ga allurar insulin da ke son sanyi a garin da wuta ke wuni ba ta zo ba. Mace mai auta ƴar shekara huɗu ba ta da dalilin tsayawa ta jira wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce ke nan ga baligi, minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, wanda zai sa numfashi ya ƙaru amma mutum na iya magana. Ba a ce sai a fili ba, ba a ce sai an biya kuɗi ba, kuma ana iya rarraba shi minti goma-goma. Abin da ke kayar da yawancin mata shi ne su fara abin da ba sa so, su yi mako biyu su bari. Ke kuwa kin ce kin ji daɗin da kika daɗe ba ki ji ba. Wannan jumlar ita ce jarinki, don abin da mutum ke jin daɗinsa shi yake iya riƙewa shekara da shekaru.

Hajiya ba ta yi ƙarya ba da ta ɗauke ta a kayan wasan yara, don a haka ta shigo kasuwa. Wani kamfani mai suna Wham-O a jihar Kalifoniya ne ya fito da ta roba a kasuwar Amurka a 1958, bayan masu shi sun sami labarin irin ta gora da ƴan makaranta ke motsa jiki da ita a Ostareliya. Cikin wata huɗu suka sayar da kimanin miliyan 25. Daga baya manya suka karɓe ta, aka riƙa yin manya masu ɗan nauyi. A 2009 an ga Michelle Obama, tana da shekara 45 kuma tana matar shugaban ƙasa, tana juya ta a harabar fadar White House a wani taron lafiyar yara. Na faɗa miki ne don ki sani, amma kada ki kai wa Hajiya wannan a matsayin hujja, ba zai yi miki aiki a ɗakinta ba.

An kuma auna ta. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse sun sa mata 16 da suka iya juya ta suka yi rabin awa, aka ga suna ƙona kimanin kalori 7 a minti ɗaya (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), wato 210 a rabin awa, zuciyarsu tana bugawa wajen sau 151 a minti. Wannan ya kai tafiyar sauri mai kyau. Ke da kike koyo ba za ki kai nan ba a watan farko, rabin lokacinki a durƙuson ɗauko ta zai tafi. Shi ma durƙuson aiki ne.

Maganar teɓa kuma, zan gaya miki iya abin da ke akwai. A 2019 likitoci a Helsinki ta ƙasar Finland suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum hamsin da ƴan kai masu ƙiba: mako shida suna juya kawanya mai nauyin kilo ɗaya da rabi na kimanin minti 13 a rana, wani mako shidan kuma suna tafiya da ƙafa. Da kawanya ƙugu ya ragu da santimita 3 da ɗan ɗoriya, da tafiya bai kai santimita 1 ba. Naman jiki na wajen ciki da baya ya ƙaru. Amma a kan sikeli, duka biyun ragin bai kai kilo ɗaya ba, kuma tafiyar ce ta sauko da hawan jini. Santimita 3 faɗin yatsu biyu ne. Zanenki zai gaya miki, siket zai ɗan saki, amma ba cikin nan da ake nunawa a TikTok ba, wanda jiya tulu yau shafe. Yawancin masu irin wannan bidiyo wani abu suke tallatawa, ko shayin rage ƙiba ko ɗamara. Kitse ba ya narkewa daga wurin da ake gogawa kaɗai, jiki ne ke cire shi daga ko'ina idan abin da ake ƙonawa ya fi abin da ake ci. Kwalbar lemo ɗaya mai 35cl tana ɗauke da wajen kalori 140 zuwa 150, daidai da minti 20 na juyi mai kyau. Idan kina shan ta kullum da rana, ko kina zuba cokali uku na suga a shayi da kunu, daga nan za ki fara ragi. Malmalar tuwo da tudun shinkafa su ragu, wake da kwaɗon zogale da rama su ƙaru.

Ki daina hawa sikeli kullum. Ki sami zare, ki yanke shi daidai tsayinki daga ƙasa zuwa tsakar ka, ki ninka shi biyu, ki zagaya da shi a cikinki tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin kwankwaso. In ya haɗu, faɗin cikinki bai wuce rabin tsayinki ba, kuma abin da ake so ke nan. In bai haɗu ba, ki duba yatsu nawa suka rage, ki rubuta, ki sake gwadawa duk ƙarshen wata.

Akwai kuma teɓar da ba kitse ba ce, kuma tana da yawa ga waɗanda suka haihu sau da dama. Naman ciki na dama da na hagu kan rabu lokacin goyon ciki, wani lokaci ba ya komawa. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, ki ɗaga kanki kaɗan, ki danna yatsu a saman cibiya. In kin ji rami da ya fi faɗin yatsu biyu, ko kin ga cikin ya yi tsini a tsakiya, ki fara zuwa wurin likitan gashin ƙashi, wato fisiyo, kafin ki sa kawanya mai nauyi. Manyan asibitoci irin su Barau Dikko suna da wannan sashen, kuma akwai atisaye na musamman da suke koyarwa.

Yanzu faɗuwar da take yi. Ba laifin ƙugunki ba ne. Kawanyar yaro ƙarama ce, ba ta da nauyi, tana zagaye jiki da saurin da babba ba zai iya bi ba. Iya girman kawanya, iya jinkirin zagayenta, iya lokacin da kike da shi na tura ta. Ta babba, in an tsayar da ita a ƙasa, sai ta kai cibiya ko ta wuce kaɗan, wato faɗinta santimita 95 zuwa 110. Mai jiki ta ɗauki babba. Wasu masana lissafi a Jami'ar New York sun gwada kawanya a kan ƴan mutum-mutumi masu siffa daban-daban, suka gano cewa gangaren kwankwaso ne ke tura ta sama, lanƙwasar ƙugu kuma ke hana ta zamewa. Wadda cikinta ya cike wannan lanƙwasar za ta fi shan wahala da farko, babbar kawanya ce ke sauƙaƙa mata.

Ba sai kin yi oda daga Legas ba. A tura yaro ko maigida shagon masu kayan famfo, ko a Kasuwar Sheikh Gumi ko a nan kusa da ku. A ce baƙin fayif na roba da ake sayarwa a naɗe, wanda ake jan ruwa da shi, mai kaurin inci uku bisa huɗu ko inci ɗaya. Ba fari ko ruwan toka mai tauri da ake sayarwa a miƙe ba, shi ba ya lanƙwasuwa. Ki auna daga ƙasa zuwa saman cibiyarki kaɗan, ki ninka sau uku, ki ƙara ɗan abin da bai kai kamu ɗaya ba. In kin sami santimita 105, za a yanko miki mita 3 da santimita 30. A haɗo da mahaɗin da ke shiga cikin bakin fayif, in babu a feƙe ɗan guntun katako daidai ramin. Ki tsoma bakunan biyu a ruwan zafi na kamar minti ɗaya su yi laushi, ki cusa mahaɗin rabi nan rabi can, ki matse su har su haɗu, ki bari ya huce. Sai ki naɗe mahaɗar da tef na masu gyaran wuta, ki bi sauran jikin da shi a karkace, don tef yana sa ta kama tufa. In fayif ɗin ya ƙi yin da'ira sosai, ki ajiye shi a kwance a rana na ɗan lokaci ki daidaita da hannu. Masu aikin hannu a Panteka, da ke nan Tudun Wada, wannan ba komai ba ne a wurinsu in an kwatanta musu.

Za a ba ki shawarar ki ɗura yashi ko tsakuwa a ciki don ta fi cin kitse. Kada ki yarda. Nauyin rabin kilo zuwa kilo ɗaya ya ishi mai koyo. Mai nauyi da yawa duka take yi, ba ƙarin amfani. Wadda ake talla a intanet, mai maƙalewa a ƙugu da ƙwallo yana lilo, ita ma tana sa gumi kuma ba ta faɗuwa, amma ba dole ba ce.

Wajen juyin, kuskuren kowa shi ne zagaya ƙugu yana bin kawanyar. Ba a bin ta, tura ta ake yi. Ki tsaya ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan sake, bayanki a miƙe. Ki jingina kawanyar da bayanki, ki riƙe ta a kwance sosai ba a karkace ba, ki wurga ta da ƙarfi gefe ɗaya. Daga nan sai ki riƙa mai da nauyinki ƙafar gaba, ƙafar baya, kamar yadda kike jijjiga goyo in yana rigima. In ta taɓa cikinki ki tura gaba, in ta taɓa bayanki ki tura baya. Hannuwa a sama wajen ƙirji, ido a gaba, don da kin sunkuya kallonta za ta bi kanki ƙasa. In kin ji tana sauka, ki ɗan rage tsawo ki ƙara sauri, sau da yawa tana hawowa. Za ki ga gefe ɗaya ya fi miki sauƙi. Ki koyi ɗayan ma, ki riƙa raba lokacin, don kada gefe guda ya riƙa ɗaukar aikin shi kaɗai.

Tabon da kika ce ya sa na yi zargin abu ɗaya: da jigida a ƙugunki kike yi. Kawanyar yara ba ta da nauyin da za ta ƙuje babba ita kaɗai, amma in tana bi ta kan duwatsun jigida tana danna su cikin fata ɗaruruwan lokuta, dole a ga tabo. Ki cire ta, ko ki saukar da ita ƙasa sosai. Zani ma yana kwancewa, doguwar riga da hijabi suna naɗe kawanyar su kayar da ita. Riga ta auduga mai ɗan kama jiki da wando su ne daidai. Ki bari tabon ya warke tukuna. In kin koma, minti biyu zuwa uku a rana sun isa a makon farko, sai biyar, sai goma, har ki kai ashirin ko talatin a rarrabe. Ɗan tsami a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Amma in kina shan maganin tsinka jini, ko kin lura kina yin tabo ko ba ki bugu ba, ki gaya wa likita.

Sai mahaifa. Mahaifar da ba ta ɗauke da ciki ƙarama ce, tana can ƙasa cikin ƙashin ƙugu, a bayan ƙashin mara, tsakanin mafitsara da dubura. Kawanya tana birgima ne a kan fata da naman ciki, sama da nan. Abubuwan da ke sauko da mahaifa sanannu ne: yawan haihuwa, doguwar naƙuda, yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida, tari mai daɗewa, ɗaukar kaya masu nauyi, ƙiba, da raunin da ke zuwa bayan ɗaukewar al'ada. Kin ga ƙiba tana cikin jerin, rage ta kuwa taimako ne. Duk da haka, haihuwa biyar ba wasa ba ce. In kina jin nauyi a ƙasanki kamar wani abu zai fito, ko fitsari na zubo miki in kin yi tari ko atishawa, ki je a duba ki, ko da kawanya ko babu. Mata da yawa suna ɓoye wannan shekaru saboda kunya, alhali yana da magani. Waɗanda zan ce su ajiye kawanya sai likita ya yarda su ne mai ciki, mai jego, wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ko wani aikin ciki ba da daɗewa ba, mai ƙaba ko kumburin cibiya, mai babban ƙari a mahaifa, da mai ciwon baya da ke sauka har ƙafa. Haka in awon jini ya kai 180 bisa 110, sai an daidaita shi. Kuma duk ranar da kika ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi na neman ɗaukewa, ki tsaya nan take ki nemi asibiti.

To, Hajiya. Ina so ki raba maganarta gida biyu, don ba duka ce za a ture ba. Tsoron da ta yi wa mahaifarki tsoron uwa ne, ko da bayanin bai yi daidai ba. Maganar tsakar gida kuwa tana da gaskiya. A gidan yawa ƙannen miji na shiga da fita, almajiri na sallama, mai ruwa na shigowa da kura. Juya ƙugu cikin riga mai kama jiki a nan bai dace ba, kuma ke ma kin sani. Ki koma ɗakinki ko falonki, ki ture kujera, ki sami fili kamar taku biyu ta kowane gefe, nesa da talabijin da madubi, ki tura ƙofa. Wannan sutura ce. Abin da ba na so shi ne ki koma yi a ɓoye bayan ta hana, don ranar da aka sake kai mata labari, zancen ya tashi daga rawa ya koma raini, shi kuwa ya fi wuyar gyara.

Ki fara da maigida. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ɗauko katin asibiti da takardar awon ki ajiye a gabansa. Ki ce masa likita ya ce in ba a motsa jiki ba ciwon suga na tafe, shi kuma ya ce ba ya son fitar safe, kin bi, ga abin da kika samu da za ki yi a cikin ɗaki ba tare da kowa ya gan ki ba. Wanda ya rufe ƙofar waje, haƙƙinsa ne ya buɗe ta ciki. In yana ganin abin wasa ne da bai dace da babba ba, ki tuna masa cikin ladabi da abin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Shi ya kamata ya shiga wurin mahaifiyarsa ya yi mata bayani, don abin da uwa za ta karɓa daga ɗanta ba lallai ta karɓa daga suruka ba.

Bayan ya yi nasa, ke ma ki je, ki durƙusa ki gaishe ta. Kada ki shiga da niyyar nuna mata ta yi kuskure. Ki ce, "Hajiya, na ji faɗan da kika yi min, na gode, ba za a sake gani na a tsakar gida ba. Likita ne ya ce suga na neman kama ni, ya ce lallai in riƙa yin gumi. Ku a zamaninku daka da surfe da jan ruwa sun ishe ku, mu kuwa inji ya karɓe mana. Ki sa min albarka in yi a ɗaki." Wannan ba daɗin baki ba ne, haka abin yake. Matar da ta tashi tana surfa gero a turmi, ta niƙa a dutse, ta ja guga daga rijiya, ta yi wanki a tsugune, ta cika minti 150 ɗinta tun kafin Talata. Yau ana kai niƙa inji, ana sayen ruwa a ƙofar gida, ana hawa Keke Napep zuwa bakin layi, amma kwanon tuwo bai ragu ba. Dattijai suna gane wannan in an faɗa musu ta hanyar da ta girmama wahalar da suka sha. Kuma da wuya a ce Hajiya ba ta san wata ƙawarta ko ƴar uwarta da suga ya kwantar ba. In har ta ce a tambayi likita game da mahaifa, ki amsa da to, ki tambaya, ki kawo mata amsa.

Facalarki kuwa ki bar ta. Kada ki tare ta, kada ki daina gaishe ta. Da zarar Hajiya ta san da zancen daga bakin ɗanta, babu sauran abin kai wa.

Tunda jininki ya ɗan hau, kawanya kaɗai ba za ta wadatar ba, ki haɗa da tafiya. Ki roƙi maigida ku riƙa zaga unguwa tare bayan sallar isha'i ko da minti 20 ne, ko ranar Asabar ya kai ki Murtala Square da kansa, tunda fitarki ke kaɗai ce ba ya so. Shi ma a auna nasa jinin da sugan. Kwana biyu a mako ki ƙara abin da ke ƙarfafa jiki: tashi da zama daga kujera ba tare da dafawa ba sau goma, da tura bango da hannuwa sau goma, ki huta ki maimaita. Ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya. Lokacin juyin kawanya da ya fi miki shi ne da safe bayan yara sun fita, musamman a zafin Maris da Afrilu, da ruwan sha a kusa. Kada ki yi da cikakken ciki, ki ba abinci kamar awa biyu. Da azumi ki mai da shi dare, bayan tarawihi.

Bayan wata uku ki koma asibiti a sake awo. In da hali ki nemi gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba na safiya ɗaya ba. A wannan gwajin, daga 6.5 ne ake kiran abu ciwon suga. Ki tafi da takardar da kike rubuta awon zarenki da mintocin da kike yi, likita zai ji daɗin ganinta. In lambar ta sauka, alhamdu lillahi, ki ci gaba. In ta tsaya ko ta hau duk da ƙoƙarinki, ba gazawarki ba ce, gado ma yana da nasa rabon a wannan ciwo, musamman in akwai mai shi a iyayenki. In aka rubuta miki magani ki sha yadda aka ce, kada ki musanya shi da jiƙo ko shayin talla, kuma ki ci gaba da juyinki tare da shi. Ki rubuto min yadda kuka yi da Hajiya.